Fatar Wasa Aska: Tarihin Da Ya Ke Ɓacewa A Zabirar Wanzami

MAI karatu, in kai ma'abocin kallon finafinan Amurka ne, wataƙila ka taɓa cin karo da The Color Purple, wanda Steven Spielberg ya shirya a 1985. Akwai wata fitowa a ciki da ba ta saurin barin zuciyar wanda ya gan ta. Whoopi Goldberg, wadda ta fito a matsayin Celie, ta gano cewa mijin ta (Danny Glover) ya shafe shekara da shekaru ya na ɓoye mata wasiƙun ƙanwar ta. Sai ga gogan naka ya zauna a baranda, ya miƙe wuya, wai ta zo ta yi masa gyaran fuska. Ta ɗauko aska, ta kama wani dogon zirin fata, ta shiga goga askar a kai, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Darakta ya na yanka hoton zuwa Afrika, inda a ke shirin yi wa yara tsaga, ya dawo kan askar, ya sake komawa. Babu wanda ya buɗe baki ya ce matar nan ta na shirin yanka mijin ta. Ƙarar ƙarfe a kan fata ce ta gaya wa ɗan kallo komai.

To, wannan zirin fatar shi ne abin da na ke so mu tattauna a wannan watan. Ka tambayi matasan da ke cika gidajen kallo me Celie ta ke yi, za su ce maka wasa aska ta ke yi, kuma sun yi gaskiya rabi da rabi. Amma ka tambaye su ko sun san a zabirar wanzamin da ya yi wa kakan su askin suna akwai irin wannan fatar, sai ka ga an yi tsuru-tsuru. Ƙaramin abu ne, ba ya kai tsawon kamu ɗaya a hannun wanzaman mu, amma in ka bi sawun sa za ka ga tarihin sana'a guda, da yadda ta yi tashe, da abin da ya karya ta.

Bari mu fara da aikin ita kan ta fatar, don in ba a gane shi ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Bakin aska ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Abin da ya kai wannan siranta kuwa ba ya jure wahala. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun saka reza a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu su na kallon ta ta na yanka gashi, su ka ga cewa gashin nan, wanda ya fi ƙarfe taushi kusan sau 50, ya na iya ɓantare bakin rezar, musamman idan gashin ya lanƙwasa ya haɗu da bakin a karkace. Ƙara da ruwa da sabulu da ke sa tsatsar da ido ba ya gani. Wato kafin wanzami ya gama kai ɗaya, askar sa ta riga ta fara dakushewa. Ashe masu cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi ba su faɗi a banza ba!

Magani iri biyu ne. Na farko dutse. Dutsen wasa ya na cin ƙarfe ne, ya kankare tsohon baki ya fitar da sabo. Shi ya sa in ka ga tsohuwar askar gado za ka tarar ta rame, ta tsuke kamar ganyen dogonyaro. Dutse ne ya cinye ta a hankali. Wanzamin da ke kai askar sa kan dutse kullum, ba zai bar wa ɗan sa komai ba. Na biyu ita ce fata. Fata ba ta cin ƙarfe sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aikin ta shi ne ta share datti da tsatsa, ta miƙar da inda bakin ya ɗan kwanta, ta goge shi ya yi sumul. Saboda haka dutse sai lokaci-lokaci, fata kuwa kafin kowane aski, wani lokaci ma a tsakiyar sa. Wanzaman mu su kan yi amfani da guntun fata da ke cikin zabira, wasu kuma ka ga sun shafa askar a tafin hannun su, fal-fal, sau uku sau huɗu, su ci gaba da aiki. Ai tafin hannu ma fata ce.

Su kuwa Turawa sun mai da abin tagwaye: ziri biyu a rataye a ƙugiya ɗaya, ɗaya na ƙyallen lilin ko wani yadi mai kauri, ɗaya na fatar saniya ko ta doki. A na farawa da ƙyallen, saboda kaushin saƙar sa ya fi kwashe sabulu da tsatsa, sannan a ƙarasa da fatar don laushi. Wasu su na shafa wa wani ziri na daban wani koren gari mai laushi wanda ke ɗan cin ƙarfe, don a jinkirta komawa kan dutse. Amma ƙa'idar ɗaya ce ko a Jega ko a Landan: a kwantar da askar shimfiɗe, a ja ta ta wajen gadon bayan ta, kaifin ya na biye a baya, in an kai ƙarshe a juya ta a kan gadon bayan, ba a kan kaifin ba, a dawo. Kuma ba a dannawa. Mai gaggawa ko mai nuna ƙarfi, ko ya yanka fatar ko ya kwantar da bakin da ya ke son tayarwa.

Yanzu mu zo gida. Na zaɓi in ɗauki misali da yankin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, domin wuri ne da kasuwa da sana'ar gado su ka haɗu. Jega gari ne na bayan jihadi. Buhari ɗan Abdussalami, wato ɗan malamin nan na Gimbana wanda harin da Gobirawa su ka kai wa jama'ar sa ya na cikin abubuwan da su ka kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, shi ya kafa garin a wajejen 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, ga ta a bakin gulbin Zamfara, ga ta kuma a kan ɗaya daga cikin hanyoyin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ka ƙiyasta ayarin da ya yi makonni a hanya ya sauka a zango: kawuna sun cika da suma, jikuna sun yi tsami. Bayan mai abinci, wa za a fara nema? Wanzami mana. A yi aski, a kafa ƙaho a bayan wanda gajiya ta sauko masa.

Shi ya sa na ke ganin kuskure ne a fassara wanzami da mai aski kawai, kamar yadda wasu masu rubuta fassarar Turanci a ƙasan finafinan mu su ke yi. Wanzami rabin likita ne. Shi ke askin jariri ranar suna, shi ke cire belu, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke tsagar gado da a ke gane Bakabe ko Bagobiri ko Ba'are da ita tun daga nesa, shi ke tsagar magani. Kowane aiki da irin askar sa. Wadda a ke aske kai da ita daban, 'yar ƙaramar tsaga daban. Sana'ar ta na da shugaban ta, Sarkin Aska, kuma gado ce, ɗa ya koya a gindin uba, kamar dai yadda Aliero ta yi suna da gidajen masu ɗorin karaya da a ke zuwa wurin su daga nesa. A ƙauyuka da dama kowane gida ya na da wanzamin sa, ba kullum a ke biyan sa a take ba, sai kaka ta yi a kai masa dami, ranar suna kuma ya na da rabon sa.

Abin da ya fi burge ni a lamarin shi ne yawan hannayen da ke cikin aski ɗaya. Maƙeri ne ya ƙera askar, a da can daga tama da a ka narka a gida, daga baya kuma daga tsofaffin ƙarafan mota. Majemi ne ya jeme fatar da bagaruwa. Baduku ya ɗinka zabirar. Kuma kar ka manta wannan yanki na Sakkwato da Kabi gidan fata ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ce a ka riƙa ketarawa da ita hamada har ta isa Turai, inda su ka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can ta ke biyowa, su na yi wa manyan littattafan su bango da ita. Ƙasar da ta ke sayar wa duniya fata ba za ta rasa guntun da za ta wasa aska ba. Kuɗin askin Bajege, in ka bi shi, a cikin gari ya ke zagayawa.

Sai dai kar mu cika baki mu ce komai namu ne. Askar waje ta daɗe da shigowa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda a nan a ka san shi da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma bi ta Gwandu a 1853. Cikin kayan Turai da ya lissafa a kasuwar Kano akwai ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, da kuma asake daga Styria, wani yanki na ƙasar Ostiriya. Ka ji fa! Shekara hamsin kafin Turawan mulki su ci Kano da Sakkwato a 1903, askar Turai ta riga ta iso a bayan raƙumi. Amma ita wannan ba ta kashe kowa ba, domin aska ce irin ta gida: a saya sau ɗaya, a yi ta wasawa har tsufa. Ta na buƙatar dutse, ta na buƙatar fata, ta na buƙatar gwanin hannu. Ta shigo ne ta zauna a zabira kusa da ta maƙeri.

A can Turai ɗin ma zamanin aska ne. Sheffield ta Ingila ta yi fice tun bayan da Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe mai tsabta a cikin shekarun 1740, Solingen na biye, ga kuma Thiers a Faransa. Kowane shagon aski da zirin fatar sa a rataye jikin kujera. Wanda ke son ganin yadda abin ya ke, ya nemi The Great Dictator na Charlie Chaplin, na 1940, inda ya fito a mai aski ya na yi wa wani gyaran fuska bisa kiɗan Brahms da ke tashi a rediyo. Shafa kumfa, jan aska a fata, sharce gemu, duk a kan kiɗa. Barkwanci ne, amma hannun sa ya nuna ya kalli masu sana'ar da kyau kafin ya kwaikwaye su. Wannan darasi ne da za mu dawo kan sa.

Wanda ya yi wa fata illa wani Ba'amurke ne mai suna King Camp Gillette. Shi ba wanzami ba ne, ɗan tallar kaya ne, kuma dabarar sa ta kasuwa ce tsantsa: a ƙera abin da mutum zai yi amfani da shi ya jefar ya dawo ya sayi wani. Ya kafa kamfani a 1901. A 1903 abin da ya sayar duka-duka gidan reza 51 ne da reza 168. Ka ce ya faɗi ko? Ina! Ya sami rajistar mallakar fasahar a 1904, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma a ka raba wa sojojin ta miliyoyin kayan askin sa. Samari su ka dawo gida sun saba da aske fuskar su da kan su ba dutse ba fata. A 1921 Leo Wahl ya yi rajistar kilifar sa mai aiki da lantarki. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword ya fito da reza mai jure tsatsa. Kowane mataki ya na rage buƙatar gwani.

Mu nan guguwar ta iso mu a hankali. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin hamada ya ja baya, kaya su ka koma shigowa ta teku zuwa kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC, daga nan 'yan koli su ka kai su kasuwannin ƙauye. Reza ta zama kayan tebur, ga Nacet mai hoton kada, ga Tiger. Lantarki ya kawo shagon aski na zamani da madubi da hotunan salon aski a bango, saurayi kuma ya ga ba zai zauna a tabarma a gindin bishiya a riƙe masa kai a yi masa ƙwal-kwabo ba alhali ga saisaye. Duk da haka wanzami bai mutu ba. Dattawa ba su bar shi ba, suna da kaciya da ƙaho ba su bar shi ba. Har yau in ka zaga kasuwannin wannan yanki za ka gan su a rumfar su.

Abin da ya shiga har cikin zabirar ya canza ta shi ne cuta, kuma a nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu begen da daɗi ba. A 1986 a ka bayyana samun ƙanjamau a Nijeriya. Daga nan faɗakarwa ta cika rediyo: kar a yi tarayya a aska, kar a yi tarayya a allura. Likitoci kuma su ka ƙara da wanda ya fi ƙanjamau saurin kamawa ta wannan hanya, wato ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayar sa ke iya rayuwa har kwana 7 a busasshen jini a jikin abu. To ka duba matsalar. Ita aska ƙarfe ce, a na iya dafa ta ko a tsoma ta a magani. Fata fa? Ta na da ƙofofi, ta na shan abin da a ka shafa mata, in ka dafa ta kuma ka lalata ta. Askar da ta ɗan yanki Tanko a ka goga a fata, a ka tsabtace ta, a ka sake gogawa a wannan fatar kafin a taɓa kan Bala, ai an koma gidan jiya. Abin da ya raya aska shekaru aru-aru shi ne ya zama inda ba a iya wankewa.

Shi ya sa wanzamai da yawa su ka koma sabuwar reza ga kowane kai, wasu su karya ta biyu su saka a mariƙi mai siffar aska, wasu kuma su ce ka zo da taka. A ƙasashen Turai ma masu shagon aski galibi irin wannan mariƙin su ke amfani da shi saboda dokokin lafiya. Tsaga kuwa Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro ita, ko da ya ke tun kafin nan iyaye sun fara ja da baya. Ni dai ra'ayi na, a kan wannan babu abin kuka. Wanda ya ce a dawo da aska ɗaya ga layin yara goma don kishin al'ada, to ya fara miƙa kan ɗan sa. Ko da ya ke, an ce wanzami ba ya son jarfa.

Abin dariyar shi ne, yayin da mu ke jefar da tamu, can sun fara tsince ta. Bayan fitowar Skyfall a 2012, inda Naomie Harris ta yi wa Daniel Craig gyaran fuska da askar da, masu sayar da irin ta a Ingila sun ba da labarin ciniki ya tashi. Kamfanoni irin su Dovo na Solingen da Thiers-Issard na Faransa sun ci gaba da ƙera ta. Amma lura da bambancin: mutum ɗaya, aska ɗaya, fata ɗaya, fuskar sa shi kaɗai. A haka babu tarayyar jini, sai dai tsada da haƙurin koyo. Abin da ya ke sana'ar talaka a wurin mu ya zama abin sha'awar mai hali a wurin su. Su ma Indiyawa da mu ke yawan kwaikwayo sun ba mai aski fim sukutum, wato Billu na 2009, inda Irrfan Khan ya fito a matalaucin mai askin ƙauye, Shah Rukh Khan kuma a abokin sa na yarinta da ya zama tauraro. Har sai da ƙungiyoyin masu gyaran gashi su ka yi ƙorafi a ka cire kalmar da ke nufin mai aski daga sunan fim ɗin. Ko ba komai, sun nuna su na kishin sunan su.

Mu fa? A finafinan mu wanzami bai cika wuce ɗan barkwanci ba: ya zo da zabira a kafaɗa, yaro ya ruga da gudu, a yi dariya, a wuce. In kuma fim ɗin na sarauta ne ko na zamanin da, irin layin da Adamu Halilu ya buɗe da Shaihu Umar a 1976, nan ne a ke kwafsawa. A kashe kuɗi a kan dawaki da alkyabba da lifidi, sannan a miƙa wa wanzamin sarki rezar Tiger a labarin da a ka ce ya faru kafin zuwan Turawa. Marubutan littattafan mu ma haka. Shafi uku a kan kwalliyar amarya, amma ranar suna sai layi ɗaya, wai wanzami ya zo ya yi aikin sa ya tafi. Wane aiki? Da me? Me ya fara cirowa daga zabira, me ya shafa a kan jaririn, wa ya riƙe shi, me a ka ba shi? Nan fa labari ya ke. Ka tuna mutum ne da sarki da kan sa ke miƙa wa wuya, mutumin da ya san sirrin kowane gida domin ya na shiga har inda baƙo ba ya shiga. Wane marubuci ne zai ce ya rasa abin yi da irin wannan mutum?

Kuma masu ilimin su na nan da rai, sai dai tsufa ya kama su, 'ya'yan su da yawa sun tashi da reza ne a hannu, wasu ma sun koma acaba ko shagon kilifa. Furodusan da ke shirin fim ɗin tarihi, tafiyar ba ta da nisa: daga Birnin Kebbi ko Sakkwato zuwa Jega, a tambayi gidan Sarkin Aska, a gai da shi da goro kamar yadda a ka saba. A tafi da mai ɗaukar sauti, ba mai kyamara kaɗai ba, domin ƙarar aska a kan dutse daban, ƙarar ta a kan fata daban, ta tafin hannu kuma daban. Sannan a bar ɗan wasan ya zauna ya koya kwana biyu kafin a ce masa akshin. In ba haka ba, zai kama askar ya tura ta da kaifi a gaba kamar mai yanka albasar Aliero, jan farko ya tsarge fatar gida biyu, dattijon kuma ya tattara kayan sa ya mayar zabira.